Inuwa Mai Waya da Kaset ɗin Zaituna

A Haɗeja in ka ce Malam Inuwa za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Inuwa Mai Waya, ko mai tallan kifi zai nuna maka hanya da baki. Shagonsa na bayan tasha, tsakanin mai injin markaɗe da mai faci, ɗan ɗaki ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. A bakin mutane sana'arsa gyaran amfilifaya da lasifika ce. Shi kuwa in ka tambaye shi cewa zai yi waya yake haɗawa. Ba ta hannu ba, wayar wuta, wadda ke tasowa daga bango ta shiga bayan na'ura, wadda kowa ke takawa ya wuce ba ya ko duba ta.

Siririn mutum ne mai ɗan gemu da saurin fushi, kuma Allah bai ba shi haƙurin ganin mummunar waya ba. Ko gaisuwar rasuwa ya je, in ya hango wayar fanka an ɗaure ta da leda, sai ka ga yana mutsu-mutsu a kan tabarma kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando. Maganarsa kullum ɗaya ce, wai abin da na'ura ta ci shi take amayarwa. Ka ba ta ƙazamar wuta, ta ba ka ƙazamar murya, ko da kuwa daga Japan aka ɗauko ta a kan kai.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Safiyanu, mai sayar da kayan wuta a bakin kasuwa. Inuwa ba ya sayen waya da ido. Sai an yanko masa ɗan guntu, ya ɓare robar da reza, ya warware silin ciki ya kankare ɗaya da wuƙa. In ja ne har ciki, to jan ƙarfe ne na gaskiya. In fari ya leƙo, alminiyom ne aka shafa wa ja don a ci da rabon wawa. Ko ya ga jan ma bai gama yarda ba, sai ya ƙyasta ashana ya kara. Jan ƙarfe yakan yi baƙi ya tsaya a miƙe, na jabu kuwa nan take yake lanƙwashewa ya zube. Filogi kuma da maganaɗisu yake gwada shi, wani ɗan ɓalli da ya ciro daga matacciyar lasifika yake yawo da shi a aljihu. In ƙafafun filogin suka manne wa maganaɗisun, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan tagulla, sai ya tura wa Safiyanu abinsa da bayan hannu.

"Haba Malam Inuwa," Safiyanu yakan ce, "waya ce fa, ba suruka za ka zaɓa ba."

"Suruka in ta ɓaci a kira manya a yi sulhu," in ji Inuwa. "Waya in ta ɓaci gobara ce, ko kuwa ƙugi. Ni gara min gobarar, ita ko ba komai ana ganinta."

Ƙugi shi ne abokin gabarsa na duniya. Shi ne wannan zuuu ɗin da ke kwanciya a ƙarƙashin murya in an kunna lasifika, wanda yawancin mutane ba su san yana nan ba sai an cire shi sun ji kansu ya yi sakayau. Don yaƙarsa Inuwa yake zaɓen waya mai kauri, ya kitse silla uku kamar igiyar guga, ya ɗaure bakinsu tam a cikin filogi. Don shi kuma ya haƙa rami a bayan shago ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ɗaura mata wayar ƙasa mai sauke ragowar wuta cikin ƙasa. Da rani har ruwa yake ba ta da buta safe da yamma, maƙwabta suna tambayarsa yaushe za ta yi 'ya'ya. Yakan ce ƙasar Haɗeja mai laima Allah ya yi ta ne don abu biyu, shinkafa da wayar ƙasa.

Ana yi masa dariya, amma wurinsa ake zuwa. Masallatan Kaugama da Malam Madori duk wayarsa ce a bayan lasifikarsu, haka masu kiɗan biki. Akwai wani tsohon alƙali mai ƙaunar sauraren karatu da wasu manyan na'urori 'yan Japan, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa su sai Inuwa, kuma da zai rasu ya yi wasiyya a ba shi su. An taɓa kiransa wani masallaci a Miga don ya duba sabon aiki. Liman da ladan da duk wanda ke wurin suka ce murya garau take. Inuwa ya karkata kai ya ce akwai ƙugi. Aka yi ta musu har ya sa aka fasa bango, sai ga wayar ƙasa ɓera ya cinye ta saura sili biyu. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara jayayya da kunnensa, shi ma ya zauna a kan cewa abin da yake ji ba kowa ke ji ba.

A Legas ya koyo sana'ar. Yana da ƙuruciya, shekarar da fari ya ƙone musu gero, ya bar matarsa Zaituna da goyon wata shida ya bi motar bandar kifi zuwa kudu ci-rani. Ci-ranin ya zama shekara uku a shagon wani mai gyaran rediyo. Zaituna ba ta yi boko ba, kuma ba mace ce da za ta zauna gaban mai rubuta wasiƙa ta zazzage masa cikinta ba. Sai ta riƙa aro rakoda a maƙwabta, ta rufe ɗaki, ta yi maganarta a kaset, ta naɗe a tsumma ta bai wa Gambo direban motar banda. Kaset ɗin kan iso Legas yana warin hayaƙi da kifi. Inuwa yakan shinshina shi tukuna kafin ya sa a rakoda. Guda tara ta aika masa a shekarun nan uku.

Goyon da ya bari ita ce Radiyya, 'yarsu ta fari. Zaituna daga gidan Fulanin gari ta fito, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in za ta aike ta sai dai ta ce ke, in za ta ba da labarinta ta ce yarinyar nan. Inuwa ma haka ya bi, don shi ma haka ya taso ya gani. Da Radiyya ta girma ta yi aure ta haifi ɗanta Khalid, sai ya samu sauƙi ya koma kiranta uwar Khalid. Ba rashin so ba ne, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma sani daban, ji da kunne daban, kuma Radiyya ba ta taɓa jin sunanta a bakin wanda ya haife ta ba.

Sai dai a kaset na huɗu, can wajen ƙarshen gefe na biyu, akwai wani wuri. Zaituna ta gama ba da labarin rufin ɗaki da ke yoyo, sai ta yi shiru. Shirun ya ɗan yi tsawo, ana jin numfashinta da kukan akuya a tsakar gida. Daga nan, da yake ɗakin a rufe yake kuma ta san mutum ɗaya ne zai ji, ta ambaci sunan yarinyar ƙarara tana ba shi wani albishir. Sau ɗaya ke nan a duk rayuwarta. Zaituna ta rasu Radiyya na da shekara goma sha uku, zazzaɓin kwana huɗu a tsakiyar damina. Inuwa ya tattara kaset ɗin tara ya kulle a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Bai taɓa sa wa kowa ba, don maganar mace ce da mijinta.

Haka aka yi ta tafiya har daminar da kogi ya ƙi tsayawa inda aka san shi. Ranar da ruwa ya shigo unguwarsu Inuwa na can bakin jinga tare da maza ana cika buhuna da ƙasa. Kafin ya dawo ruwa ya kai gwiwa a ɗakinsa. Da ya janye aka buɗe akwatin, taɓo ya shiga kaset takwas ya daskare, zarensu ya manne kamar danƙo. Ɗaya ne ya tsira, shi ma don ya kai shi shago watanni kafin nan ya ajiye a saman kanta, yana jin kewarta in kasuwa ta yi sanyi. Na huɗun ne. Inuwa ya zauna a kan akwatin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Radiyya ta zo daga Malam Madori, inda take koyarwa a firamare, don ta taya shi kwashe taɓo. Tana durƙushe tana kankare daɓen ɗaki da murfin kwano, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani wuri daban.

"Uwar Khalid, akwai ɗaya da ya tsira," ya ce. "A cikinsa ta ambaci sunanki."

Hannunta ya tsaya. "Inna? Sunana?"

"Da bakinta."

Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa. "Baba, don Allah ka sa min in ji. Ga salulata, sai in ɗauka a ciki, ko kaset ɗin ya lalace muna da shi."

Ya ce to, ta zo shago jibi. Washegari ya ga ya kamata ya fara gwadawa, kada a ji kunya. Ba zai sa shi a ƙaramar rakoda mai batir ba, don irinsu ne ke cin zare. Ya jona manyan na'urorin alƙali, ya jira mai markaɗe ya tafi sallar azahar, ya rufe ƙofa, ya tariyo kaset ɗin zuwa wurin. Muryar Zaituna ta cika ɗakin, ƙasa-ƙasa kamar yadda take magana. Ta gama zancen rufi, ta yi shiru. A cikin shirun nan Inuwa ya ji shi, siriri, a kwance a ƙarƙashin numfashinta. Zuuu.

Da Radiyya ta zo ya tare ta a bakin ƙofa. "Akwai ƙugi. Ba zan ba ki muryarta da ƙazanta a ƙarƙashi ba. Abin da aka ɗauka an ɗauka ke nan, har jikokinki da shi za su ji. Ki ba ni mako guda in haɗa waya."

Ta ce Allah ya kai mu, ta koma.

Makon nan shi ya zama shekara biyu. Waya ta farko ya yi ta da mafi kaurin abin da Safiyanu ke da shi, ƙugi bai tafi ba. Ya ce filogin ne, ya bi 'yan gwangwan har ya samo wani tsohon filogi mai nauyi, ƙafafunsa tagulla zalla, ya goge su da toka da lemon tsami suka yi ƙyalli. Bai tafi ba. Ya canza soket ɗin bango. Ya tone ramin bayan shago ya ƙara zurfi har ya tarar da ruwa, ya sake sabon gawayi. Ya hau mota ya tafi Kano takanas, ya wuni yana kankare wayoyin mutane suna zaginsa, ya dawo da wata mai rigar raga ta jan ƙarfe a ƙarƙashin robarta, wadda aka ce ko kusa da injin niƙa ka shimfiɗa ta ba ta ɗaukar hayaniya. Ita ma bai tafi ba.

Kowace waya kuma sai an gwada ta, kuma wurin gwajin ɗaya ne. Ya fara da wasu kaset na wa'azi, amma masu wa'azi ba sa yin shiru, ƙugi kuwa a shiru ake kama shi. Shirun Zaituna ya fi kowanne fito da shi. Don haka kullum bayan azahar sai ya rufe ƙofa, ya tariyo, ya saurari shirun, ya bari ta faɗi sunan, ya tsayar, ya sake tariyowa. Wata rana sau biyar, wata rana sau goma. In ya murɗa wata kusa ya sake ji, in ya juya filogi ya sake ji. Gaskiyar magana, ba gwajin kaɗai ke mayar da shi wurin ba. Yana son jin yadda take faɗin sunan, kuma gwaji ya ba shi hujjar da ba zai ji kunyar kansa ba.

In ya gama yakan goge ɗan ƙarfen da zaren kaset ke bi ta kansa da auduga, audugar ta fito da wani ja-ja kamar garin jar ƙasa. Ya san ko mene ne. Sau nawa ya nuna wa masu kawo gyara irin wannan audugar yana yi musu faɗa, yana cewa wannan jan da kuke gani muryar ce da kanta take kankaruwa, tsohon kaset ba a wasa da shi. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Yakan jefar da audugar ya ce saura gwaji ɗaya. Da muryar ta fara yi masa nisa, sai ya ce ƙugin ne ke danne ta, ya ƙara murɗa ƙarar.

Wata rana ya jawo Safiyanu har shago, ya kunna na'urorin ba kaset a ciki, ya ce ya kasa kunne. Safiyanu ya rufe ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Wallahi Malam Inuwa ni ban ji komai ba. Shiru kamar maƙabarta."

"Da ma yaushe ka taɓa ji? Kunnen da bai san jan ƙarfe da alminiyom ba?"

"Ai wannan da ido ake ganewa," in ji Safiyanu. "Ni dai kwanan nan sai na kira ka sau biyu kake juyowa."

"Don na san ba abin kirki za ka faɗa ba."

Safiyanu ya yi dariya ya bar zancen. Wa zai ja da kunnen da ya sa aka fasa bangon masallaci?

Radiyya kuwa duk Asabar ta biyu tana zuwa, da ɗan kwanon dambu ko soyayyen kifi. Da farko takan tambaya kai tsaye. Daga baya ta koma tambaya da ido. Ran nan ta yi ƙarfin hali ta ce, "Baba, ni ko da ƙugin ina so. Ba waƙa zan saurara ba, kalma ɗaya ce."

Ransa ya ɓaci. "Shekara talatin ina cire wa mutanen gari ƙugi, na cire wa masu kiɗa, na cire wa 'yan siyasa, sai a kan uwarki zan ce a yi haƙuri da shi? Ke ba ki san darajarta ba ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce ya yi haƙuri. Daga ranar ba ta ƙara tambaya ba, ko da ido. Takan ajiye kwano, ta gaishe shi, ta ba shi labarin yara, ta tafi. Wannan shirun nata ya fi tambayar yi masa ciwo, kuma maimakon ya sa ya saki, sai ya ƙara masa naci. Yana ganin tunda ya sa ta jira haka, dole abin da zai miƙa mata ya zama ba shi da aibi ko ɗaya.

Waya ta ƙarshe ita ce mafi kyau da hannunsa ya taɓa haɗawa. Mai rigar ragar nan ta Kano ce, ya yanke ta gajera daidai buƙata, kowane sili ya kankare shi ya gani da idonsa, ya shafa wa bakinsu dalma, ya ɗaure a tsohon filogin tagulla har sukundireba na neman lanƙwashewa. Kwana shida ya yi a kanta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tasha ta yi tsit, mai markaɗe bai buɗe ba, mai faci ya tafi ɗaurin aure. Inuwa ya rufe ƙofa, ya yi bisimilla ya jona, ya tariyo kaset ɗin. Shirun ya zo. Zuuu ɗin na nan, ko gezau.

Yana zaune ya dafe kai, sai aka ɗauke wuta. 'Yar jar fitilar amfilifaya ta mutu, kaset ya tsaya cak, fanka ta yi juyi biyu ta haƙura. Ɗakin ya yi duhu sai hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Kuma ƙugin bai tsaya ba.

Ya ɗago kai a hankali. Ya miƙa hannu ya zare filogin daga bango, ya riƙe shi a tafin hannunsa yana kallo. Ba wuta, ba waya a jone, ba abin da ke motsi a shagon. Zuuu. Ya buɗe ƙofa ya fita ko kullewa bai yi ba, ya bi hanyar fadama da ƙafa. Ya wuce gidajen ƙarshe, ya wuce turken wuta na ƙarshe, ya bi kunyar gonakin shinkafa har bakin ruwa inda ciyawar kacala ta yi duhu. A nan ba wayar kowa. Ya tsuguna ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, sai ƙugin ya ƙara fitowa sosai, a tsakiyar kansa, inda yake tun farko.

Shekara talatin yana kafa kunne a bakin lasifika ana kwarara masa ƙara, ga tsufa ya zo. A cikin hayaniyar tasha abin ba ya fitowa, sai in ya rufe ƙofa ya nutsu, shi kuwa ba ya rufe ƙofa ya nutsu sai zai saurari Zaituna. Bai ji tsoron kurumta ba a lokacin, wannan daga baya ya zo. Abin da ya faɗo masa shi ne audugar nan mai ja-ja, ɗaya bayan ɗaya, ta shekara biyu. Ya ce innalillahi, ya zauna daɓas a cikin laka da kayan Juma'arsa.

Da safe ya sa mai faci ya kira masa Radiyya. Kafin hantsi ta iso, hankalinta a tashe, tana zaton ciwo ne. Ta same shi zaune a shago, an dawo da wuta, ya share kujera ɗaya ya ajiye mata.

"Zauna, uwar Khalid. Fito da salular."

"An samu wayar, Baba?"

"Wayar lafiyarta ƙalau. Duk lafiyarsu ƙalau, tun ta farko." Ya nuna kunnensa da yatsa. "A nan yake."

Ba ta gane duka ba, amma ta ga fuskarsa, ba ta ƙara tambaya ba. Ta danna salular ta ɗora a gaban lasifika. Ya sa gefe na biyu tun daga farkonsa. Muryar Zaituna ta fito tana sallama, da ɗan dishi na tsufan kaset amma kowace kalma a fili. Radiyya ta toshe bakinta da mayafi. Shekara ashirin da wani abu rabonta da muryar nan. Uwar tana ba da labarin ruwa ya cika fadama, da wanda ya yi aure, da kazar da shaho ya ɗauke, 'yar tana kuka tana murmushi. Inuwa bai saurari kaset ɗin ba, fuskarta yake kallo.

Aka zo zancen rufin ɗaki. Tun a nan muryar ta fara nutsewa kamar mai magana a cikin randa. Ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, sai shuuu kawai. Ba numfashi, ba kukan akuya. Radiyya ta matso da kunnenta har yana taɓa lasifika. Shuuu ɗin ya yi ta tafiya. Can sai muryar ta taso daga ƙasa, ta dawo garau tana cewa a gaida Gambo direba, a ce masa Allah ya saka.

Inuwa ya tsayar. "Kin ji?"

Ta buɗe baki za ta ce eh, ya ga ƙaryar tana tahowa don tausayinsa, ya girgiza mata kai. Ta miƙa hannu za ta tariyo, ya riƙe hannun. Ya fito da kaset ɗin, ya zura biro ya juya a hankali, ya jawo zaren ya ɗaga shi saitin ƙofa. Duk sauran zaren ruwan ƙasa ne mai duhu. Wurin nan kuwa, kamar kamu uku, ya koɗe har haske na ratsa shi.

"Ni na cinye shi," ya ce. "Ba ruwa ba ne, ba ɓera ba ne. Amanarki ce ta bar min, na ce zan wanke miki, na goge ta da hannuna. Garin gyaran gira na tsone ido. Ki yafe min in za ki iya."

Radiyya ta kashe salular ta ajiye a cinyarta. Ta daɗe tana kallon zaren. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, hawaye dai na sauka a kan mayafinta. A waje mai markaɗe ya tayar da injinsa, ya sake kashewa.

"Baba," ta ce, da ƙarfi don ya ji. "Kai ka ji. Ka ji ya fi sau dubu. Yaya ta faɗa?"

Ya dube ta, ya kau da kai. Shekara talatin da biyar harshensa na kewaye sunan nan kamar yadda ake kewaye rijiya. Ya gyara zama, ya kalli bango, ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya faɗa, yadda Zaituna ta faɗa, da ɗan jan tsakiyar sunan da dariya a ƙarshensa, sai dai muryarsa ta fito da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Malam, albishirinka. Yau Radiyya ta taka."

Salular na kan cinyarta a kashe, ba wanda ya tuna da ita. Radiyya ta share fuska da gefen mayafi, ta matso da kujerarta kusa da shi.

"Ban ji sosai ba, Baba," ta ce.

Ya san kunnenta garau yake. Ya sake faɗa.